Haɗa Hasken Rana da Tashar Kwal: Nawa Yake Ragewa a Hayaƙin?

Tambaya: Malam injiniya, na ji ana cewa wai ana iya jona hasken rana da tashar wutar da take ƙona kwal don a rage hayaƙin da take fitarwa. Ta yaya ake yin haka? Kuma in har abin yana yiwuwa me ya hana a yi wa duk tashoshin kwal na duniya kowa ya huta?

Amsa: Toh ɗan uwa, eh ana yi, an ma fara gwadawa tun 2004, kuma ta ɓangaren injiniyanci abin yana aiki sarai babu tantama. Inda gizo ke saƙar shi ne abin da yake ragewa ɗan mitsitsi ne in ka auna shi da tulin kwal ɗin da tashar take cinyewa, sannan yawancin wuraren da aka gwada ko dai an rufe tashar ko an watsar da aikin a hanya. Amma ka yi haƙuri sai na ɗan shiga da kai cikin tashar tukuna, don in ba ka ga inda ake jona solar ba amsar ba za ta zauna maka ba.

Tashar kwal ba wani abu ba ce illa wurin dafa ruwa. Ana niƙa kwal ya yi laushi luƙui, a hura shi da iska cikin boila, wato babbar tukunyar tafasa ruwa, wutar ta tafasa ruwan da ke gudu a cikin bututun da suka zagaye bangon boilar, tururi ya fito da zafin digiri 540 ko sama da haka da matsi mai tsanani, ya je ya juya tabain, wato injin mai fukafukai da tururi ke turawa, tabain ya juya janareta, shi kenan wuta ta samu. Bayan tururin ya gama aikinsa sai ya faɗa kondensa ya huce ya koma ruwa mai ɗumin digiri 30 zuwa 40. Toh wannan ruwan ba a mayar da shi boila haka nan da sanyinsa, asara ce. Ana bi da shi ta jerin hitoci, galibi shida zuwa takwas, ɗaya bayan ɗaya, kowace tana ƙara masa zafi har ya isa bakin boila yana wajen digiri 250. Tambayar ita ce da me waɗannan hitocin suke ɗumama ruwan? Da tururin da ake tsamowa daga jikin tabain ɗin kansa tun bai gama aikinsa ba. Wato akwai wani kaso na tururin da aka ƙona kwal aka samar wanda ba ya kai wa ƙarshen tabain, ana karkatar da shi ya je ɗumama ruwa. Ka riƙe wannan, don nan ce ƙofar da rana take shiga.

Ka san uwar gida da take ajiye bokitin ruwa a tsakar gida da hantsi, in azahar ta yi ta ɗora a murhu, itacen da za ta ƙona bai kai na wadda ta ɗebo daga randa ba. Toh dabarar kenan ba ƙari. A bar rana ta ɗumama ruwan, a rufe bawul ɗin da ke tsamo tururi, tururin da aka ƙyale ya wuce har ƙarshen tabain ya ba da wuta.

Sai dai fa ba irin farantan sola da kake gani a saman rufin mutane ake nufi a nan ba, waɗancan kai tsaye suke mayar da haske wutar lantarki ba ruwansu da tururi. Nan madubai ake amfani da su masu tattara hasken rana wuri guda ya zama zafi. Akwai masu lanƙwasa da ake jerawa layi-layi, bututu ya bi ta tsakiyarsu ɗauke da wani mai na musamman da yake iya kai wa kusan digiri 390, sai man ya je ya miƙa wa ruwa zafinsa. Akwai na Fresnel, su kuma madubai ne siraran dogaye kusan a miƙe, a kwance kusa da ƙasa, duk suna haska wani bututu guda da ke rataye a sama, ruwa ake turawa ciki kai tsaye ya fito tururi, sun fi arha amma ba su kai na farkon tattara zafi ba. Akwai kuma na hasumiya mai dubban madubai a zagaye, wannan ya fi zafi ya fi tsada. Dukansu kuma sai sun riƙa bin rana daga gabas zuwa yamma da taimakon ƙananan injinan lantarki, in madubi ɗaya ya kauce da ɗan kaɗan haskensa ya zube a banza.

Gaskiya a takarda dabarar tana da daɗi, ni kaina ina sonta. Ka duba, wanda zai gina tashar madubai zalla dole ya sayi tabain, janareta, kondensa, taransifoma, ya ja layin wuta, ya ɗauki ma'aikata, amma wanda ya jona da tashar kwal duk waɗannan yana da su a ƙasa, madubai da bututu kawai zai saya. Bayan haka zafin digiri 250 ko 300 in ka ce shi kaɗai zai juya ƙaramin tabain wutar da za ka samu ba ta taka kara ta karya ba, amma da yake a nan musanya aka yi, zafin rana ya tsaya a ɗumama ruwa shi kuma tururi mai ƙarfi ya yi aiki a babban tabain, sai kowane zafi da rana ta bayar ya fi yin auki. Sannan ba ka buƙatar ajiya, in gajimare ya tare rana sai a sake buɗe bawul boila ta cike gurbin, mai amfani da wuta a gida bai ma san an yi ba.

Yanzu ga inda ake yi wa mutane wayo, kuma ina so ka kula sosai. Hanya biyu ake tafiyar da irin wannan haɗin. Ta farko a bar wutar da tashar ke bayarwa yadda take, a rage kwal ɗin da ake zuba wa boila daidai da abin da rana ta kawo, wannan ita ce take rage hayaƙi da gaske. Ta biyu kuma a ci gaba da zuba kwal yadda aka saba, abin da rana ta kawo ya zama ƙarin wutar sayarwa. A wannan ta biyun bututun hayaƙin tashar ko gram ɗaya bai ragu ba, abin da ya ragu shi ne hayaƙin da ke kan kowane kilowat in ka raba, sai kamfani ya buga sanarwa cewa wutarsa ta ƙara tsafta, kuma ba ƙarya ya yi ba amma ba abin da kai ka fahimta ba kenan. Za a iya cewa ai ƙarin wutar ta hana wata tashar can wani wuri ƙona nata, wannan yana iya zama gaskiya yana iya zama ba gaskiya ba, ya danganta da wace tashar aka rage. Shi ya sa duk lokacin da ka ga irin wannan labarin kar hoton madubai masu ƙyalli ya ɗauke maka hankali, nemi tan nawa na kwal tashar ta ƙona bara, tan nawa ta ƙona bana.

Bari mu je ga wuraren da aka yi. Na farko da aka fi sani shi ne tashar Liddell a jihar New South Wales ta Ostireliya, tasha ce mai megawat 2,000. A 2004 aka kafa ɗan ƙaramin filin madubin Fresnel na gwaji a gefenta, aka faɗaɗa shi ya kai kusan megawat 9 na zafi, a 2012 kamfanin Novatec Solar ya ƙara wani mai megawat 9.3. Ka lura na ce megawat na zafi, ba na lantarki ba, in ka mayar da su lantarki sai ka raba kusan gida uku, wato duka-duka bai wuce megawat 6 ba a tashar megawat 2,000, kuma wannan ma da tsakar rana ne in sararin sama ya washe. An ce filin Novatec zai rage tan 5,000 na iskar kabon a shekara, a tashar da take fitar da miliyoyin tan. An daina amfani da madubin tun kafin a rufe tashar kanta a watan Afrilun 2023.

A Amurka kuma kamfanin Xcel Energy da Abengoa Solar sun gwada a tashar Cameo da ke jihar Kolorado a 2010, megawat 4 na zafi, madubai masu lanƙwasa a fili eka 6.4, kuɗin aikin dala miliyan 4.5, an jona da wani injin mai megawat 49. Haɗin bai kawo wa tashar wata tangarɗa ba, wanda shi ne babban abin da ake son a tabbatar, amma ingancin ya ƙaru ne da wajen kashi 1 cikin 100 kawai, ƙasa da abin da aka yi hasashe, kuma ƙarshen wannan shekarar aka rufe tashar kamar yadda dama aka tsara. A Tucson ta jihar Arizona ma an jona madubai masu megawat 5 da tashar Sundt a ƙarshen 2014, shekara na zagayowa tashar ta daina ƙona kwal ta koma gas.

Wanda ya fi ba da darasi dai shi ne Kogan Creek a jihar Queensland, Ostireliya. Tashar megawat 750 ce ta kamfanin CS Energy, aka ce za a ƙara mata megawat 44 na lantarki daga madubin Fresnel na kamfanin Areva na Faransa, a fili hekta 30, a kan dalar Ostireliya miliyan 104.7, kuma an yi ta tallarsa a matsayin mafi girma irinsa a duniya. An fara aiki a 2011. Aka yi ta jan ƙafa, rigimar kwangila, bututu suka yi tsatsa, aka kuma gano cewa gajimaren yankin yana wucewa da sauri ta yadda zafin tururin yake hawa da sauka fiye da yadda aka tsara, Areva ta fice daga harkar sola gaba ɗaya a 2014, a watan Maris na 2016 CS Energy ta ce ba za ta ƙarasa ba. Wannan maganar gajimaren ba ƙarama ba ce fa. Wanda ya taɓa zama a ɗakin kula da tashar tururi ya san abin da ma'aikacin boila ya fi ƙi a rayuwarsa shi ne allurar ma'auni ta riƙa rawa. Idonsa na kan matakin ruwa, zafin tururi da matsi, yana son layukan da ke kan allon kwamfuta su miƙe ɗoɗar. Gajimare ya bi ta kan filin madubi, cikin 'yan mintuna zafin da ke shigowa ya faɗi, bawul ya buɗe, injin niƙa kwal ya ƙara gudu, kafin boila ta farga (boila ba ta da hanzari, tana ɗaukar mintuna kafin ƙarin kwal ya zama ƙarin tururi) gajimaren ya wuce zafi ya dawo gaba ɗaya. Ƙarfe mai kauri da ake ɗumamawa ana hucewa haka sau da yawa a yini yana gajiya, wata rana sai ka ga tsaga a wurin walda.

Amma a ce ma an gama Kogan Creek lafiya lau, mu yi lissafi. An yi hasashen zai riƙa ba da gigawat-awa 44 a shekara (gigawat-awa ɗaya kilowat-awa miliyan ɗaya ne). Tashar megawat 750 in ta yi aiki kashi 80 cikin 100 na awoyi 8,760 da ke cikin shekara za ta ba da sama da gigawat-awa 5,200. Raba ka gani, bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Mafi girma a duniya kenan fa.

Me ya sa kason yake ƙanƙanta haka? Na ɗaya rana ba ta kwana, ita kuwa tashar kwal dare da rana take ci. A wuri mai rana sosai in ka tattara aikin madubi na shekara bai fi kamar awa 2,000 na cikakken ƙarfi ba, ƙasa da rubu'in shekara kenan, don haka ko da ka samu rana ta ɗauki kashi 10 na aikin tashar da tsakar rana, a lissafin shekara ya koma kashi 2 da ɗan wani abu. Na biyu ita kanta tashar tana da iyaka, an ƙera tabain ne da sanin cewa za a tsame wani tururin a hanya, in ka rufe duka bawulolin sai tururin ya yi wa fukafukan ƙarshe da kondensa yawa, boila ma ta fita daga ma'aunin da aka tsara ta a kai. Sai kuma maganar wuri, wadda mutane suke mantawa. Ana gina tashar kwal ne kusa da mahaƙar kwal da ruwa, ba wanda ya duba rana lokacin zaɓen filin. Dubi Afirka ta Kudu, wajen kashi 80 na wutarta daga kwal ne, tashoshin sun taru a lardin Mpumalanga, ita kuwa ranar da ta fi dacewa da madubi tana can Northern Cape wajen Upington, ɗaruruwan kilomita tsakani, kuma zafi ba a iya jansa a bututu ya yi nisa, a hanya zai tsiyaye. Ƙari a kan haka tashar kwal wuri ne mai ƙura da toka, madubi kuwa ba abin da ya tsana kamar ƙura. Sannan madubi jarin shekara 25 zuwa 30 ne, wa zai zuba wannan kuɗin a jikin tashar da saura shekara goma a rufe ta? In kuma sabuwar tasha ce, toh ka ba ta hujjar ci gaba da ƙona kwal shekara arba'in don ragin kashi 1 ko 2.

A nan Afirka irin wannan haɗin da aka gina da tashoshin gas aka yi, ba na kwal ba: Ain Beni Mathar a Maroko, Hassi R'Mel a Aljeriya da Kuraymat a Masar, duk wajen 2010 zuwa 2011, kowacce da kamar megawat 20 zuwa 25 na rana. Can ma kason ranar a shekara ƙarami ne.

Abin da ya yi wa dabarar kisan mummuƙe dai farashi ne. Lokacin da ake tsara su Liddell da Cameo farantan sola suna da tsadar gaske, madubi yana iya gogayya da su. Sai masana'antun ƙasar Sin suka shigo. A alƙaluman IRENA, hukumar makamashi mai sabuntawa ta duniya, kuɗin samar da kilowat-awa ɗaya daga manyan filayen farantan sola ya faɗi da kashi 85 tsakanin 2010 da 2020, daga wajen senti 38 na dala zuwa ƙasa da senti 6, na madubi kuwa a 2020 yana wajen senti 11. Faranti ba shi da bututu, ba mai, ba bawul, ba sai an taɓa cikin tsohuwar tasha ba, kuma ka iya kafa shi duk inda fili yake da rana matuƙar akwai layin wuta. Duk mai kuɗin da ya ɗora lissafin biyu a tebur ya san wanda zai ɗauka.

Don haka yau in ka ji an ce an ƙara sola a tashar kwal, yawanci faranti ake nufi, a kafa su a filin tashar ko a kan tafkin ruwanta su yi amfani da taransifoma da layin da ke akwai. Misali kamfanin NTPC na Indiya ya shimfiɗa faranti masu iyo na megawat 100 a kan tafkin tashar Ramagundam a jihar Telangana a 2022, tashar kanta megawat 2,600 ce. A wannan tsarin babu jonawa da tururi ko kaɗan, hayaƙi yana raguwa ne kawai in an sassauta boila da rana an bar faranti su ɗauki nauyin. Nan ma akwai iyaka, boilar kwal ba a iya rage ta ƙasa da wani mataki sai wutar ta fara rawa, a dole a tallafa mata da mai, shi ya sa a 2023 hukumar lantarki ta Indiya ta tilasta wa tashoshin kwal su iya sauka zuwa kashi 55 na ƙarfinsu, da shirin kai wa kashi 40. Kuma tashar da ke tafiya a rabin ƙarfi tana cin kwal fiye da kima a kan kowane kilowat, don haka ragin bai cika daidai da abin da faranti suka bayar ba, ana ɗan yin asara. Duk da haka ragin da ake samu ta nan ya ninka na madubi nesa ba kusa ba, saboda ba ka da iyakar hitoci, iyakarka ita ce yadda boila za ta iya sauka. Tsohuwar tashar kwal tana fitar da kusan kilo ɗaya na iskar kabon a kan kowane kilowat-awa, kaga kenan duk megawat-awa ɗaya da ba ta samar ba kusan tan ɗaya ne ya ragu, tare da rabonsa na sulfa, zaiba (makuri), ƙura da toka waɗanda su ne ma suka fi cutar da maƙwabtan tashar.

A ganina abu mafi daraja a tsohuwar tashar kwal yau ba boilar ba ce, mahaɗarta da babban layin wuta ce, sai fili, sai ma'aikatan da suka san aiki. A ƙasashe da yawa sabon filin sola yana shafe shekaru yana jiran izinin jonawa da babban layi, ita kuwa tashar tana da nata a hannu. Shi ya sa Xcel ɗin nan da ya gwada madubi a Cameo, a tashar Sherco ta jihar Minnesota ya rufe injin kwal ɗaya a ƙarshen 2023, ya shiga kafa faranti megawat 710 a kewayen, sauran injinan kuma aka tsara rufe su zuwa 2030. A Liddell batir mai megawat 500 kamfanin AGL ya ɗauko ginawa a filin. A Afirka ta Kudu kamfanin wutar ƙasar, Eskom, ya kashe injin ƙarshe na tashar Komati a watan Oktoban 2022, Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 497 don a sa faranti megawat 150, injinan iska megawat 70 da batir megawat 150. Sai dai Komati ta nuna wani abu mai ciwo, an rufe tashar kafin sabon aikin ya kankama, garin da ya dogara da ita ya shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi, masu shago da masu haya da 'yan kwangila duk suka ji a jikinsu. Wannan ba matsalar injiniyanci ba ce amma ita take sa mutane su tsani duk wata magana ta rage kwal.

Akwai wata dabarar kuma da ake ta magana a kai, a cire boilar gaba ɗaya a sa manyan tankokin narkakken gishiri a madadinta, da rana a yi amfani da wutar faranti mai arha a ɗumama gishirin zuwa wajen digiri 565, da dare gishirin ya dafa ruwa ya juya tsohon tabain. Kamfanin AES Andes ya gabatar da irin wannan shirin don tashar Angamos a arewacin ƙasar Chile. Tana burge ni don ma'aikata da injina ba sa tashi a banza, amma ka sani duk wutar da ka zuba wajen kashi 40 kawai za ta dawo, tunda dole ta bi ta tabain, alhali batirin litiyom yana mayar maka da sama da kashi 85. Kuma gishirin in ya huce ƙasa da wajen digiri 240 daskarewa yake a cikin bututu, wannan kuwa ba ƙaramin tashin hankali ba ne.

Mu dawo gida tunda na san za ka tambaya. A Najeriya babu tashar kwal a babban layin ƙasa yanzu, ta Oji River da aka buɗe a 1956 kusa da Inugu ta daɗe da mutuwa, sai 'yan ƙananan na kamfanoni irin ta simintin Ashaka a Gombe mai megawat 16 da ke amfani da kwal ɗin Maiganga. Inda maganar ta shafe mu kai tsaye Nijar ce, tashar SONICHAR da ke Anu Araren kusa da Cirozerin a jihar Agadas, injina biyu kowanne megawat 18.8, tun farkon shekarun 1980 take ba mahaƙan yuraniyom na Arlit da garuruwan arewa wuta. In akwai tashar kwal a duniya da ke zaune a tsakiyar rana toh ita ce, kuma Nijar ba baƙuwar wannan ilimin ba ce, Farfesa Abdou Moumouni ɗan Tasawa wanda jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa ya shugabanci ofishin makamashin rana na ONERSOL tun 1969, yana aiki a kan madubai masu tattara haske tun ba a haifi yawancinmu ba.

Amma ko a can, da za a tambaye ni, faranti zan ce a sa ba madubi ba. Dalili na farko hazo. Madubi hasken da ya fito kai tsaye daga ƙwayar rana kaɗai yake iya tattarawa, hasken da ƙura ta warwatsa ba shi da amfani a wurinsa. Ka tuna ranakun hunturu da gari yake fari fat, kana iya kallon rana da ido ba ta kashe maka shi ba, inuwarka ma da ƙyar kake ganinta a ƙasa, toh a irin wannan yinin filin madubi kusan a kwance yake, faranti kuwa yana ci gaba da ba da wuta ko da ta ragu, don shi yana cin hasken da ya warwatsu ma. Na biyu ruwan wanki, madubi yana son wanka akai-akai da ruwan da aka tace gishirinsa, in ba haka ba ya bar tabo, a yankin da ita kanta tashar da garuruwan suke lallaɓa ruwan ƙarƙashin ƙasa. Na uku kayan gyara da masu gyara, faranti da inbata yanzu akwai masu aikinsu daga Kano har Agadas, Nijar ta riga ta kafa megawat 7 a Malbaza a 2018 da megawat 30 a Gorou Banda a 2023, amma bututun gilas na madubi in ya fashe sai an yi odarsa daga waje. Injinan Anu Araren kuma sun haura shekara arba'in, kuma layin arewa a ware yake ba ya haɗe da na Yamai, don haka duk faranti da za a sa masu yawa sai an haɗa musu da batir da zai riƙe layin in gajimare ko guguwar ƙura ta taso, tunda tsohuwar boila ba za ta iya tashi da gudu ta cike gurbin ba. Wanda kuma ya dage sai madubi, toh kafin ya sa hannu a kowace kwangila ya kafa na'urar auna hasken kai tsaye a filin ta yi shekara guda cur tana ɗaukar bayani, har da watannin Disamba zuwa Maris, don taswirar tauraron ɗan adam takan yi kuskure sosai a wuraren da ƙura ta yi yawa.